Wasiƙar da Mai Ita Ba Ya Iya Karantawa: Nazari kan Shari'ar Makafi da Hukumar SSA a Amurka

A watan Oktoba na 2009, alƙali William Alsup na kotun tarayya da ke San Faransisko ya yanke hukunci a ƙarar da Majalisar Makafin Amurka ta shigar tun 2005 a kan SSA, hukumar da ke biyan fanshon tsofaffi da tallafin naƙasassu. Jayayyar duk a kan wasiƙun hukumar ce.

A irin wannan wasiƙa ake sanar da mutum cewa an rage masa tallafi, ko an biya shi fiye da haƙƙinsa sai ya mayar. Tana kuma zuwa da wa'adi: kwana 60 na ɗaukaka ƙara, a wasu lamuran kwana 10 kacal idan yana son kuɗinsa ya ci gaba da shigowa kafin a warware maganar. Kwanakin nan ƙirga su ake yi, ko an karanta masa ko ba a karanta ba.

Zaɓi uku hukumar ke ba makaho a lokacin: wasiƙa ta yau da kullum, wasiƙar rajista da sai ya sa hannu, ko wasiƙar da kiran waya zai biyo bayanta. Biyun farko tawada ce a kan takarda. Na ukun ya fi kama da taimako, shi ya sa ya cancanci a duba shi da kyau. Ma'aikaci zai karanto shafuka cike da alƙaluma da ranaku, ya ajiye waya, shi ke nan. Mai ido kuwa zai maimaita karatu har ya gane, ya adana takardar, ya kai wa lauya. Abin da ya rage wa makaho shi ne ya miƙa ta ga ɗa ko maƙwabci, ya tona asirin ciwonsa da na aljihunsa. A ganina wannan cutarwar ta fi jinkirin kuɗi ciwo, domin duk lokacin da wasiƙa ta zo sai ta maimaitu.

Kotu ta dogara da sashe na 504 na dokar 1973 da ya hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta umarci hukumar ta samar da wasiƙun cikin rubutun makafi na birel, da kuma faifan CD mai ɗauke da wasiƙar a tsarin Microsoft Word wadda kwamfuta ke karantowa da murya, zuwa Afrilun 2010. Daga baya aka ƙara manyan haruffa da faifan sauti.

Ƙarin nan yana da dalili. Akasarin waɗanda ganinsu ya tafi da tsufa, ta hanyar hawan jinin ido ko ciwon suga, ba su taɓa koyon birel ba, kuma da yawansu suna ɗan gani. Da an tsaya kan birel, da an bar mafi yawan masu haƙƙin a baya.

Sai dai tsarin ya rataya ne a kan mutum ya zaɓi hanyar da yake so a riƙa sanar da shi. Tsohuwar da ganinta ya dusashe bayan shekaru tana karɓar fansho, idan ba ta shaida wa hukumar ba, takarda mai ƙananan haruffa za ta ci gaba da samu.