Ishiriniya Tsakanin Larabci da Bakin Malam

Idan watan Mauludi ya kama, a garuruwan ƙasar Kance irin su Icirnawa da Matamaye, kamar sauran ƙasar Hausa, akan ji muryoyi suna rera Ishiriniya har tsakar dare. Kaɗan daga masu rerawar ne ke tuna cewa waƙar ta haura shekara 800 a duniya. Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta don yabon Annabi (SAW). Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20 masu amsa-amo da shi, daga nan ta samo sunanta. Daga baya Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti. Saboda haka abin da ake kira Alfazazi a zaure, fiye da rabinsa aikin Ibn Mahib ne.

A Turai, waƙoƙin da suka yi irin wannan tsufa sun daɗe da gagarar jikokin masu su. Geoffrey Chaucer ya rasu a 1400, shekara 170 bayan Alfazazi, amma Ingilishinsa ya yi wa mutanen Ingila nauyi har Nevill Coghill ya juya The Canterbury Tales zuwa Ingilishin zamani a 1951. Beowulf kuwa, wanda bai koyi tsohon harshen ba sai ya nemi fassara, irin wadda Seamus Heaney ya fitar a 1999. Haka ɗan lakwal yake haɗuwa da Chanson de Roland cikin sabon Faransanci. A can, ga yawancin masu karatu, fassara ta gaje kujerar asali.

Malaman zaure ba su bi wannan hanya ba. Ɗalibi ya buɗe littafi ya karanto gaɓa ɗaya da Larabci, malam ya mayar masa da Hausa, ya sake karantowa, malam ya sake mayarwa, har baitin ya ƙare. Inda kalma ta yi tsauri sai a tsaya a warware ta, a kawo nahawu, a kawo ƙissar da mawaƙin yake nuni gare ta. Fassarar tana bakin malam, asalin yana kan takarda, ba a raba su. Al'adar kuma ta daɗe: Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta wa Ishiriniya sharhi da Larabci mai suna al-Nafha al-Anbariyya, shaidar cewa tun ƙarni na 17 malaman ƙasar Hausa ke koyar da ita.

Amma tsarin yana da tasa asarar. Hausar fassara takan bi ƙirar jimlar Larabci sau da ƙafa, aikatau a gaba, mai aikatawa a baya, har ta zama wata Hausa ta daban da ba a jin ta a kasuwa. Kari da amsa-amo ba sa tsallakowa. Ma'ana kaɗai ke isowa, ita ma a gutsuttsure. Ga kuma ɗimbin mabiya da suka haddace waƙar tun suna yara, suna zubar da hawaye idan an rera ta, alhali ba su taɓa zama gaban malami an fassara musu baiti ɗaya ba. Ba daidai ba ne a ce waɗannan ba su san waƙar ba, don sautinta na kunnensu, abin da mai karanta Coghill bai samu daga Chaucer ba.

Yanzu ana sayar da bugun Ishiriniya mai fassarar Hausa a kasuwannin littattafai, ana kuma sauraron karatun malamai a wayar hannu. Ɗalibi na iya samun ma'ana ba tare da ya durƙusa a zaure ba, sai dai takarda da waya ba sa tsayar da shi idan ya karya wasali.