Hano da Ciwon Gwiwa: Daga Sassaƙen Magabata zuwa Ƙwayar Kanti

Dattijon da gwiwa ta hana shi zuwa gona a Sandamu, idan ɗansa ya sayo masa ƙwayar Boswellia daga birni, sai ya zaci baƙon magani ne. Alhali kuwa ɗan uwan itacen nan yana ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, watau hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi. Magabata sukan dafa sassaƙensa domin zazzaɓi da sanyin ƙashi, ƙaronsa kuwa sukan turara tufafi da ɗakuna da shi.

Wannan sani ya shiga takarda ne ta hannun Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aikin gwamnati a Nijeriya ta Arewa. Cikin 1910 aka raɗa wa hano sunan Boswellia dalzielii a lambun Kew na Ingila domin girmama shi. Ya buga littafin sunayen itatuwa na Hausa cikin 1916, kana cikin 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma.

To, amma ƙwayar kanti ba daga hano take ba. Galibinta daga ƙaron Boswellia serrata ce, itacen Indiya, wanda masu maganin gargajiya na can suka daɗe suna ba masu ciwon gaɓɓai. Cikin 1992 masana a Jamus suka nuna cewa sinadarin ƙaron yana danne wani abin da ke haddasa kumburi a jiki. Cikin 2003 aka buga sakamakon gwajin mutum 30 masu ciwon gwiwa a Indiya, aka ga zafin ya ragu. Sai dai mutum 30 ba su da yawa, kuma rage zafi daban, warkar da gaɓar da ta ci daban.

Abin lura shi ne, Indiyawa sun kai nasu itacen ɗakin bincike, namu kuwa yana fama da gatarin mai sassaƙa. Itacen da aka kewaye ɓawonsa da sara mutuwa yake yi. Wajibi ne ɗalibanmu su zauna da masu magani na ƙasar Daura, su rubuta yadda ake ɗiba da yadda ake sha, tun dattawan da itatuwan suna raye. Allah Ya sa mu dace.