Amosanin gwiwa a wurin dattawa: abin da nauyin jiki da ƙarfin tsoka ke yi wa tafiya, da halin da ake ciki a Taura

A garuruwan ƙaramar hukumar Taura, kamar Majiya da Gujungu, da ma sauran sassan masarautar Ringim, sunan da aka fi kiran ciwon da shi shi ne sanyin ƙashi, wasu kuma su ce tsufa ne kawai. Likitoci na kiran nau'in da ya fi yawa amosanin gaɓɓai na zaizayar guringuntsi, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Mene ne ainihin ciwon?

A inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Idan ya fara zaizayewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa yakan yi kauri, gefensa ya yi tsiro, gaɓar ta riƙa kumbura lokaci-lokaci. Mai ciwon yakan ji zafi idan ya yi tafiya ko ya tashi daga zaune, gwiwar ta sage da safe na ƙasa da rabin awa, wani lokaci ta riƙa ƙara idan an lanƙwasa ta. Guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa yadda yake. Amma abin da hoton ƙashi ya nuna ba kullum yake daidai da abin da mutum ke ji ba: akwai wanda hotonsa ya yi muni yana zuwa gona, akwai wanda nasa bai nuna abin kirki ba amma ya kasa fita ƙofar gida. Babban ɓangare na wannan bambanci yana cikin nauyin da gwiwar ke ɗauka da kuma ƙarfin tsokar da ke riƙe ta.

Lissafin nauyi

Wani bincike da Stephen Messier da abokan aikinsa na Jami'ar Wake Forest a Amurka suka wallafa a 2005 ya gano cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Wato wanda ya rage kilo 5 ya sauke wa gwiwarsa kimanin kilo 20 duk sanda ya taka ƙasa, kuma mutum na yin dubban taku a yini. Tun kafin nan, a 1992, binciken garin Framingham ya nuna cewa matan da suka rage kusan kilo 5 cikin shekara goma sun rage haɗarin kamuwa da amosanin gwiwa da fiye da rabi. A 2013 Messier ya sake fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 454 masu shekara 55 zuwa sama har tsawon wata 18. Waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki sun fi samun sauƙin ciwo da saurin tafiya a kan waɗanda suka yi motsa jiki kaɗai.

Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan masu ƙiba, a ƙasar da abinci ya yi wa mutane yawa. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana noman gero da shinkafa a fadama, ko dattijuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a kan turmi da ɗaukar ruwa da itace, sau da yawa ba su da kitsen da za su rage. Nasu amosanin ya fi alaƙa da ɗaukar kaya mai nauyi, da yawan tsuguno da durƙuso, da tsohon rauni da aka yi wa ɗori aka manta. Shawarar rage ƙiba ta dace da ma'aikacin da ya yi ritaya a Dutse teɓa ta fito, da hajiyar da ba ta fita ko'ina, da ɗan kasuwar da ke yini a kan kujera. Faɗa wa ramammen manomi ya rage ci kuwa cutarwa ce.

Tsokar da ke zubewa a ɓoye

Abin da ya haɗa mai ƙiba da ramamme shi ne tsoka. Daga shekara 30 jiki yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma zubewar na ƙara sauri bayan shekara 60. Masanin abinci Irwin Rosenberg ne ya raɗa wa wannan yanayi suna sakopeniya a 1989. Tsokar gaban cinya ita ce ke miƙar da gwiwa, ita ce ke tare nauyin jiki idan mutum zai zauna ko zai sauko daga tudu. Idan gwiwa na ciwo mutum yakan daina tafiya, tsokar ta ƙara lalacewa, gaɓar ta rasa mai riƙe ta, ciwon ya ƙaru. Haka ake zagayawa har dattijo ya koma tabarma, daga nan kuma faɗuwa da karayar ƙugu ba su da nisa.

Sikeli ba ya nuna wannan. Mutum na iya zama a kan kilo 70 tsawon shekara goma alhali tsoka ta tafi kitse ya maye gurbinta. Kuma duk wanda ya rage nauyi da yunwa kawai, ba tare da motsa jiki ba, yana zubar da tsoka tare da kitsen.

Ana iya auna abin a gida. Ma'aunin da masana na nahiyar Turai suka sabunta a 2019 ya ce wanda ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 kafin ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar, ba tare da dafa komai ba, ƙarfin tsokarsa ya yi ƙasa. Haka wanda ya ɗauki daƙiƙa 5 ko fiye wajen tafiyar mita 4 a tafiyarsa ta yau da kullum. Tef ɗin tela ma yana aiki: idan kaurin sha-raɓar dattijo bai kai santimita 31 ba, alama ce ta ƙarancin tsoka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar wutar lantarki.

Abin da ke taimakawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Ga mai ciwon gwiwa, wannan na iya zama tashi da zama a kan benci sau goma, miƙe ƙafa daga zaune a riƙe ta na 'yan daƙiƙoƙi, da tafiya zuwa masallaci ko kasuwa gwargwadon iko. Ɗan ƙarin ciwo da ya lafa kafin washegari ba illa ba ne. Idan kuwa gwiwa ta kumbura ta yi zafi kamar wuta, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan maganar asibiti ce nan take. Sanda tana rage nauyi, amma a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo ake riƙe ta, abin da mutane da yawa ke juyawa.

Batun salla yana damun dattawa fiye da yadda suke faɗa, domin raka'a 17 na farilla na nufin sujada 34 a yini. Shari'a ta yi rangwamen salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. Masai na tsuguno ma ana iya sa masa kujera mai rami da maƙalin dafawa a bango.

A ɓangaren abinci, ana ba dattijo mai lafiyar ƙoda shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, busasshen wake giram 100 na da sama da 20, waken suya ya fi haka. Awara, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi duk ana samunsu a kasuwar Gujungu. Matsalar ita ce tsada, da rashin haƙora, da al'adar barin tsoho da kunu da tuwo mai laushi.

Sai kuma haɗin ƙwayoyin da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Diclofenac da ibuprofen na kashe ciwo, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda, a jihar da ciwon ƙoda ya riga ya zama abin kuka a yankin Haɗejia. Wasu haɗe-haɗen na ɗauke da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke kumbura jiki, su narkar da tsoka, su raunana ƙashi, su tayar da sukari. Mai sha yakan ga ya yi kumari ya ɗauka lafiya ce.

Ina hukuma ta tsaya?

Dokoki dai akwai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsofaffi a 2021, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Jigawa na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA, kuma a 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus, wanda a lokacin naira 7,000 ne a wata.

Amma kulawar da gwiwa ke buƙata tana can nesa da mai ita. Likitocin gashin ƙashi sun taru ne a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da Asibitin Malam Aminu Kano. Aikin sauya gwiwa, wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma kaɗan ne daga cikin masu ciwon ke buƙatarsa. Abin da mafi yawansu ke buƙata, wato awo da koyar da atisaye da shawarar abinci, ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti zai iya yi idan an horar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yin hakan, mai suna ICOPE, tun 2017. Jigawa na da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, kuma tambayar da ta kamata a yi wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa ita ce: a asibitocin mazaɓu nawa ne ake sa dattijo ya tashi daga kujera sau biyar ana duba agogo?