Dillalin Gida: Wakilin Wane Ne?

Tun kafin zuwan Turawa, ciniki a ƙasar Hausa bai cika ƙulluwa ba sai da mai shiga tsakani. A Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, baƙon falke kan sauka a gidan fatoma, shi ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa. Kowa ya san fatoma na baƙonsa ne.

Cinikin gida da gona kuwa a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu ake yin sa. Idan rigima ta taso, alƙali ya duba hukuncin wakilci a mazhabar Malikiyya, inda aka hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da yardar mai abu, aka kuma haramta tayin ƙarya don a ɗaga farashi. Dillalin da ya ci amana ba ya sake samun ciniki a unguwar.

Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. A 1975 aka kafa hukumar rajistar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha ga gwamnanta, ta wajabta neman amincewarsa kafin a sayar da fili mai takardar mallaka. Waɗannan dokoki sun fayyace wanda ke da iko da ƙasa, amma ba su kai ga dillalin unguwa ba, wanda ta hannunsa talaka ke neman matsuguni.

Da birane suka tumbatsa, shaidar maƙwabta ta yi rauni. Dillali ɗaya ya koma karɓar la'ada daga mai sayarwa da mai saye, kowanne yana zaton nasa ne, wani lokaci ma ya ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya yanke. A nan ne magada da zawarawa suka fi cutuwa.

Darasin da tarihin fatoma ya bari shi ne a san wanda dillali yake wakilta tun kafin taya, a rubuta shi tare da adadin la'ada, a gaban shaidu.