Waiwaye: Yadda Likitoci Suka Koyi Ciyar da Bakwaini

Jaririn da ya faɗo duniya bai kai kilo ɗaya da rabi ba ya rabu da mahaifa ne a daidai lokacin da ya fi bukatarta. A watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi ke tara kitse da sinadaran ƙashi da na jini, ƙwaƙwalwarsa kuma tana girma ba ƙaƙƙautawa. Ga shi bakwaini ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako na 34 na ciki. Fiye da shekara ɗari likitoci suka yi suna kai kawo a kan me za a ba shi, yaushe, kuma ta ina.

A birnin Paris na Faransa aka ɗauko hanya. Wajen 1880 likita Stéphane Tarnier ya ga injin ƙyanƙyasar kaji, sai ya sa aka ƙera kwalbar ɗumama jarirai, ya kuma yaɗa dabarar zura siririn bututu har tumbi don ba da nono. Almajirinsa Pierre Budin ya tsaya kai da fata a kan ɗumi, tsabta, nonon mace da awon sikeli. Ya lura cewa uwar da aka raba da jaririnta takan yi sanyi da shi, don haka ya dage a bar ta kusa tana shayarwa. Da an riƙe wannan shawara, da an huta da wahala mai yawa.

Amma ba a riƙe ba. Daga shekarun 1940, asibitoci da dama a Amurka da Ingila suka shiga hana bakwaini abinci na kwana biyu zuwa uku, wani lokaci ma fiye. Ba mugunta ba ce: suna tsoron nono ya sarƙe shi ya gangara huhu, kuma suna ganin kumburin jikinsa alama ce ta ruwa ya ishe shi. Sai dai sukarin jininsa kan faɗi, shawara ta yi tsanani, jiki ya bushe, wasu da suka rayu kuma suka tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa. A 1964 Victoria Smallpeice da Pamela Davies na Oxford suka nuna cewa a fara ba da nonon mace tun sa'o'in farko ya fi, kuma sannu a hankali aka bar waccan al'ada. Shekara ashirin ana yi wa mafi raunin halitta horon yunwa da kyakkyawar niyya, wannan abin tausayi ne ƙwarai.

Ana cikin haka madarar shanu ta samu shiga. A 1947 Harry Gordon da abokan aikinsa suka ga jariran da aka ba madara mai yawan furotin sun fi saurin hawa sikeli, sai aka yi ta lodawa har ya wuce kima, wasu jarirai suka riƙa zazzaɓi da kasala. A 1968 kuma Stanley Dudrick na Filadelfiya ya tabbatar ana iya rainon jariri da abinci ta jijiya kaɗai, abin da ya ceci waɗanda hanjinsu bai shirya ba.

Shekara ta 1990 ce ta juya akala. Alan Lucas da Tim Cole a Ingila sun bi jarirai 926, suka gano cewa cutar ruɓewar hanji, wadda ke kashe bakwaini cikin kwanaki kaɗan, ta ninka sau shida zuwa goma a cikin waɗanda aka ba madarar gwangwani zalla, idan aka kwatanta da masu shan nonon mace kaɗai. Nono ya dawo matsayinsa, amma da gyara: shi kaɗai ba ya isar ɗan kilo ɗaya wajen furotin da sinadaran ƙashi, shi ya sa ake zuba masa garin ƙarin ƙarfi.

Wanda ya leƙa ɗakin jarirai yau zai ga nas ta zuƙo ɗigon dakashi a sirinji, ta sake shi a hankali ta bututun hanci, ta shafa cikin jaririn ko ya kumbura, bayan awa biyu ko uku ta sake. Abin da ake fata shi ne ɗan kilo ɗaya ya ƙara kamar giram 15 a rana. Dakashin nan da wasu iyayenmu ke tatsewa su zubar shi ne abu mafi tsada a ɗakin. Inda kuma za a karɓi nonon wata mace, Musulmi na da ƙarin hattara, domin shayarwa tana haramta aure, don haka dole a san wadda ta bayar.

Shawarar Budin ta dawo ta hanyar Kolombiya. A 1978, da kwalabe suka yi ƙaranci a Bogota, likita Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaure jariransu a ƙirji, fata da fata. Wani bincike da aka fitar a 2021, wanda asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Kumasi suka shiga tare da na Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya nuna fara wannan goyo nan take ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta.

Don haka duk asibitin da ke karɓar bakwaini ya tanadar wa uwa gado kusa da ɗanta, a koya mata tatsa tun ranar farko. Miji da dangi kuma su ɗauke mata aikin gida, su wadata ta da abinci har jaririn ya kama nono da bakinsa.