Hargitsin Filasma a Sararin Samaniyar Zuba

Filasma iska ce da ƙwayoyinta suka rabu zuwa elektaron da ayon, masu ɗauke da cajin lantarki. Akwai ta a sama da garin Zuba, kimanin kilomita 100 zuwa 110 daga ƙasa, inda wata ƙaƙƙarfar kwararar lantarki ke bi gabas da rana. Kwararar tana bin layin ikwaita na maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa arewacin Najeriya, arewa da Zuba kaɗan. Masanin Najeriya Cyril Onwumechili ya wallafa littafi a kan wannan kwarara a 1997.

Hargitsin da ke cikin wannan filasma yana farawa daga ƙananan ƙwayoyi. A wannan tsayi maganaɗisu na riƙe da elektaron, ayon kuwa yawan karo da iska ya hana su bin sa. Sai elektaron su yi ta gudu yamma su bar ayon a baya. Idan gudun ya zarce saurin sauti a cikin filasmar, wajen mita 350 a daƙiƙa, igiyoyi masu tsawon 'yan mitoci sukan tashi su ruɗe. Donald Farley da Oscar Buneman suka bayyana wannan a 1963, kowa da nasa aikin.

Lissafin Farley ya fi zurfi, domin ya kula da bambancin gudun ƙwayoyin maimakon ɗaukar filasma kamar ruwa. Ta haka aka ga ayon na shanye ƙarfin gajerun igiyoyi, yanayin da Lev Landau ya fara lissafawa a 1946. Na'urar rada ta Jicamarca a Peru ta daɗe tana auna waɗannan igiyoyi.