Masu Auna Hankali: Tarihin Gane Taɓuwa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Zazzaɓin cizon sauro ana tabbatar da shi da ɗigon jini, karaya kuma hoto ne ke nuna ta, amma taɓin hankali mai tsanani, wato irin wanda ke raba mutum da zahiri har ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya kafe a kan wani zato da babu hujjar da za ta kawar masa da shi, har yau ba shi da gwajin jini ko na hoto da ke tabbatar da shi. Maganar mutum da ɗabi'unsa ake dubawa, a gwada su da abin da aka ɗauka shi ne daidai, saboda haka hukuncin ya rataya a kan wanda ya yi awon, da harshen da ya yi tambaya da shi, da abin da ya riga ya ƙudurta game da mutanen da majinyacin ya fito daga cikinsu. A ƙasar Gaya da Ajingi, gabas da birnin Kano, wannan awo ya ratsa hannun masu bori, da malamai da alƙalai, da hukumar mulkin mallaka, kafin ya iso hannun likita, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya kawar da wanda ya gabace shi ɗungurungum.

Gaya tsohon gari ne, wanda labarin kafuwar Kano ya danganta shi da maƙeran nan Abagayawa da suka nufi Dala neman tama, kuma kamar sauran ƙasar Kano, mutanensa sun rayu da imani da iskoki tun kafin Musulunci ya kafu. A tsarin bori, irin wanda Joseph Greenberg ya yi nazarinsa a tsakanin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ba duk wanda ya yi magana da wata murya ake kira mahaukaci ba. Wanda aka yi wa girka, wato aka killace shi na wasu kwanaki ana ba shi magani ana yi masa kiɗa har ya daidaita da iskarsa, yakan zama doki ko goɗiya, iska ta hau shi idan an kaɗa garaya ko an goga goge, ta yi abin da aka san ta da shi, sannan ta sauka da atishawa, mutum ya koma gonarsa ko kasuwancinsa. Abin da ya raba wannan da hauka shi ne ƙa'ida da lokaci, domin hawan iska yana da fage da mafari da ƙarshe, jama'a kuma sun san ma'anarsa, alhali mai taɓuwa ba ya jiran kiɗa, ba ya kuma dawowa hayyacinsa idan taro ya watse.

Haka kuma jama'a ba su haɗa duk wata tawayar hankali wuri guda ba. Sun ware farfaɗiya daban, sun ware wautar da aka haifi mutum da ita, da sambatun mai zafin zazzaɓi, da ruɗewar tsufa, da zautuwar wanda wata babbar musiba ta girgiza. Dalilan da ake ambata sun haɗa da gamo da iska a bakin rafi ko ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, da sammu da jifa, da kurciya, wato asirin da ake cewa yana sa mutum ya bar garinsu ya yi ta tafiya ba waiwaye. Amma duk da cewa dalilan na gaibu ne, alamomin da ake kafa hukunci da su na zahiri ne: tuɓe tufafi a bainar jama'a, da kwana a bola, da duka ko ɓarna ba dalili, da daina gane girman iyaye. Wanda bai kai nan ba yakan zauna a gida yana ɗan aikinsa ana haƙuri da shi, wanda ya kai kuwa sai a sa shi a turu, wato gungumen da ake ɗaure ƙafa a jikinsa, ko a sa masa mari.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya kai ga kafa sabuwar hukuma a Kano wajen 1807, sai ma'aunin fiƙihun Malikiyya ya ƙara ƙarfi. Tambayar da ke gaban alƙali ita ce ko mutum mukallafi ne, wato ko shari'a ta hau kansa: shin sakinsa ya saku, cinikinsa ya ƙullu, shaidarsa ta karɓu? Malamai sun bambanta hauka mai ɗorewa da wanda ke zuwa yana tafiya, suka kuma lissafa shi cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, tare da jinkirin shekara guda don neman magani idan ana fatan warkewa. A fagen magani, masu jihadi sun yi ƙoƙarin maye gurbin bori da addu'a da tofi da rubutun sha, kuma littafin Nana Asma'u mai suna Tabshirul Ikhwan, na 1839, yana cikin wannan yunƙuri. Sai dai a wannan zamani ma an bar gurbi ga wanda halinsa ya saɓa wa na mutane ba tare da an kira shi mara lafiya ba, wato majazubi, wanda masu ɗariƙa ke ganin shauƙin Allah ne ya fizge hankalinsa.

Zuwan Turawa Kano a 1903 ya kawo tambaya ta daban, wadda ita ce ko mutum barazana ne ga zaman lafiya. An buɗe gidan tsare masu taɓuwa a Kalaba a 1904 da kuma Yaba ta Legas a 1907, aka yi dokar da ta tsara tsare su a 1916, amma a Arewa, inda ake mulki ta hannun sarakuna, galibin nauyin ya faɗa kan dangi da hukumar En'e. Wanda ya gagari gidansu a wani ƙauye na gundumar Gaya, maganarsa takan bi ta mai unguwa zuwa dagaci, daga nan zuwa hakimi, ƙarshenta ya tsinci kansa a tsare, sau da yawa a gidan yari. Wannan tsari ya haifar da sakamakon da ya daɗe yana ɓata ilimin likitanci, domin waɗanda ke isa gaban likitan Bature su ne masu duka da ɓarna, yayin da mai baƙin ciki mai tsanani, wanda ya daina ci da magana, yana kwance a ɗaki babu wanda ya rubuta sunansa.

Daga irin wannan gurguwar shaida aka gina ra'ayoyin launin fata da suka mamaye fannin. J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi, ya wallafa wani littafi ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953, inda ya yi da'awar cewa ciwon baƙin ciki ba kasafai yake kama ɗan Afirka ba, ya kuma kamanta tunanin lafiyayyen baƙar fata da na Baturen da aka yi wa yanka a gaban ƙwaƙwalwa. Gwamnatin mulkin mallaka ta gayyato shi Nijeriya a 1955 don ya ba da shawara kan asibitocin masu taɓuwa. Wanda ya fi kowa ƙalubalantar wannan fahimta shi ne Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara aiki a asibitin Aro da ke Abekuta a 1954, ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Hujjarsa ita ce cutar ɗaya ce a ko'ina, amma al'ada ce ke ba ta abin da za ta furta, saboda haka likitan da bai san abin da lafiyayyun mutanen wuri suka yi imani da shi ba, ba zai iya tantance inda imani ya tsaya cuta ta fara ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna cewa matsalar ba ta fara da mulkin mallaka ba, ba ta kuma ƙare da shi ba. A 1851 wani likitan Amurka, Samuel Cartwright, ya ƙirƙiro cutar hankali da ya ce ita ke sa bayi gudu daga iyayengijinsu. A 1972 aka wallafa wani nazari da ya kwatanta asibitocin Niyok da na Landan, aka ga likitocin Niyok sun fi yawan yanke hukuncin sikizofiriniya, wato taɓuwa mai daɗewa da ke tattare da jin muryoyi da rikicewar tunani, amma da aka yi wa majinyatan tambayoyi iri ɗaya da ma'auni ɗaya, sai galibin bambancin ya ɓace. Jonathan Metzl ya bi takardun asibitin Ionia a jihar Michigan, ya nuna yadda a shekarun 1960 da 1970, lokacin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, aka riƙa liƙa wannan cuta ga maza baƙaƙe da aka siffanta da fushi da tsaurin kai. A Ingila kuma, wani babban bincike da aka wallafa a 2006 ya gano cewa ana samun sikizofiriniya a tsakanin 'yan asalin Karibiyan kusan ninki tara na fararen Birtaniya, a tsakanin 'yan asalin Afirka kuma kusan ninki shida, alhali binciken da aka yi a Jamaika da Tirinidad bai nuna irin wannan yawa ba. Masana sun danganta wani ɓangare na wannan rata da kuskuren likita, wani ɓangare kuma da abin da wariya da talauci da kaɗaicin baƙunci ke yi wa lafiyar mutum.

A Kano ta yau launin fata ba ya raba likita da majinyaci, amma harshe da boko da tazarar birni da ƙauye suna yin aikin da ya yi kama da nasa. Littattafan da likita ya karanta da Ingilishi sun lissafa ƙarancin magana, da ƙin haɗa ido, da fuskar da ba ta nuna motsin rai, cikin alamomin cuta, alhali matar aure daga wani ƙauyen Ajingi, wadda aka tarbiyyantar a kan kunya har ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, za ta sunkuyar da kai ta amsa wa baƙon namiji da kalma ɗaya ko biyu, musamman idan surukinta na zaune. Bafulatanin da ya tashi a kan kawaici zai ce da sauƙi ko da ciwo na cin sa. Wanda ya ce maƙiyi ya yi masa sammu bai faɗi abin da ya fita daga tunanin maƙwabtansa ba, shi ya sa ƙwararren likita yake juyawa ga dangi ya tambaye su ko su ma sun ga maganar ta wuce ƙima, da kuma ko mutumin ya daina noma da wanka da barci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da wannan buƙata, har ta saka tambayoyi 16 kan al'adar majinyaci da fahimtarsa ga ciwonsa a kundinta na 2013.

Kuskuren yana faruwa ta ɗaya ɓangaren ma, inda fassarar al'ada ke rufe cutar da magani zai iya sauƙaƙawa. Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda aka yi da manya 250 a garin Karfi na ƙaramar hukumar Kura, ya nuna cewa alamomin da mutane suka fi ambata su ne faɗa da ɓarna da yawan surutu da yawo, dalilin da suka fi ambata kuma shi ne shaye-shaye, sai ƙaddara, sai sihiri da aljanu, kuma kusan kashi 46 cikin ɗari sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi maganin malamai da makamantansu. Wannan yana nuna cewa mai taɓuwar da ta sa shi shiru da janyewa daga mutane yana iya daɗewa ba a gane shi ba. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ɗaruruwan ɗalibai mata a wasu makarantun sakandare na Kano suka kamu da abin da aka danganta da aljana Sumbuƙa, ruƙiyya ta bazu, wato karanta wa majinyaci Alƙur'ani don fitar da aljani, kuma sannu a hankali aka saba da wani rabo na jinsi: budurwar da ta rikice a ce aljanu ne, saurayin da ya rikice a ce ɗan ƙwaya ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan samari sun ƙare a gidajen mari, waɗanda samamen 'yan sanda a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ya tona halin da ake ciki a wasunsu.

Nisa ma yana da hannu a cikin hukuncin, domin iyalin da suka taso daga Gaya ko Ajingi galibi sai sun bi ta Wudil kafin su isa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, idan kuma asibitin masu taɓin hankali na Dawanau suka nufa sai sun ratsa birnin gaba ɗaya zuwa hanyar Katsina, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200. Saboda haka malamin unguwa da mai magani su ne kan fara ganin majinyaci, likita kuma yakan gan shi bayan abu ya yi nisa, wanda shi ne irin karkataccen samfurin da ya ɓatar da likitocin mulkin mallaka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci da shigar da kulawar cikin ƙananan asibitoci, kuma wani gwaji da Oye Gureje da abokan aikinsa suka yi a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa majinyata sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini. Ga masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, abin da wannan ke nufi a aikace shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin karkara masu jin Hausa da Fulatanci su iya yin tambayar da ta dace, a kuma sa malamai da masu unguwanni su san alamomin da ke wajabta tura mutum asibiti tun cikin makonnin farko, kafin iyalinsa su kai ga sayen mari.